Aladun da Ke Mutuwa Ƙarfe Bakwai

"Ba zan kama shi ba, Shugaba."

Sufeto Wei Sulan ta ajiye takardar kamun a kan tebur, ta tura ta da yatsa ɗaya ta koma gaban mai ita. Shugaba Pang, babban jami'in 'yan sandan gundumar, ya ɗago kai daga kofin shayinsa.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan kama Baba Nong ba. Ko wurin ban taka ba tukuna."

Da sassafen wannan Talatar aka bugo waya cewa mushen aladu sun toshe magudanar ban-ruwan gonakin rake. Kafin ƙarfe tara har an buga takarda da sunan wani tsoho mai kiwo a bakin ruwan.

"Wa ke da aladu a wajen in ba shi ba?"

"Gonar Hasken Gabas. Dubu arba'in."

Pang ya rufe kofinsa da ƙarfi. "Kwamfutar gonar nan ta ce ko tari babu wanda ya yi a cikinsu. Ran Juma'a da asuba motocinsu za su kai dubu biyu mahautar birni, naman sabuwar shekara. Rabin gundumar nan a tukunyarsu suke ci. Ke don kin yi karatu a babban birni sai ki zo ki ɓata wa mutane biki?"

"In naman mai cuta ne, bikin ya riga ya ɓaci."

"Akwai caji ofis ɗinmu na kan dutse a Longba. Shekara biyu ke nan ana neman mai zuwa."

"Na san hanyar," in ji ta. Ta ɗauki hularta ta fita.

Tun daga kan gada warin ya tarbe su. Saje Lu, wanda ya shekara talatin a aikin, ya ɗaure hanci da hankici yana kakarin amai.

"Ko gawar da muka tono bara ba ta kai wannan ba," in ji shi. "Matata ta shanya nama cike da baranda. Yau ko kallonsa ba zan iya ba."

Mushen sun taru a bakin ƙofar ruwan, sun kumbura, cikinsu ya yi baƙi-baƙi da jini kwance a ƙarƙashin fata. Duk da sanyin da ake yi, tsutsa ta fara aiki. Wei ta shiga cikin taɓo har gwiwa tana ƙirgawa. Talatin da bakwai. Kowane ɗaya an yanke masa kunnen hagu.

Baba Nong na tsugune a kan gaɓa yana zuƙar lofensa na gora.

"Ke ce aka aiko ki ɗaure ni, 'yar nan? Bari in ba nawa abinci tukuna."

"Naka nawa ne, Baba?"

"Takwas. Zo ki gaisa da su."

A bayan gidansa baƙaƙen aladu takwas na turmutsitsi a kan kwamin ganyen dankali, kowane da doguwar wutsiya.

"Kin gani? Kakana ma baƙaƙe ya kiwata. Waɗancan farare ne, kuma an gutsure musu wutsiya tun suna jarirai. Mai yin haka sai wanda ke jera dabba kamar ashana a kwali, don kada su ciji juna."

"Kunnen fa?"

Tsohon ya nuna da bakin lofe. Can nesa wani dogon gini mai hawa goma sha biyu, marar taga ko ɗaya, ya tokare sama.

"'Yan matan can duk da ɗan kunne suke yawo. In za ka yar da su, ai sai ka cire gwal ɗin."

A ƙofar gonar aka kai ta ɗakin baƙi, wanda gilashi ya raba biyu. Ta ɗaya gefen Manaja Meng ya shigo yana ɗingishi, yana murmushi, ya yi magana ta cikin ƙaramar lasifika.

"Sufeto Wei! Kin ci abinci kuwa?"

"Bayan abin da na gani, a'a. Aladunka nawa suka mutu makon nan?"

"Ko ɗaya." Ya juya ya nuna wani babban allo cike da koren ɗigo. "Kowane ɗigo alade ne. Ɗan kunnensa na auna zafin jikinsa da motsinsa, yana aikowa nan da hedikwatarmu da ofishin likitan dabbobi. A rufi akwai na'urar da ke jin tari. In zazzaɓi ya kama ɗaya, ɗigonsa zai yi ja. In ya mutu, baƙi. Ki nemo mini ja ɗaya."

Babu. Kore ne daga sama har ƙasa.

"Zan shiga in gani da idona."

"Ayya. Doka ce, ba ni na yi ta ba. Mai shiga sai ya kwana biyu a ɗakin killacewa, ya yi wanka, ya bar duk abin da ya zo da shi. Ni kaina wata biyu ban ga iyalina ba. Mace mai matsayi kamarki ba za ta iya ba."

"Ka buɗe mini ɗakin."

Murmushin ya ɗan yi sanyi, sannan ya dawo. Ya dubi takalmanta da suka jiƙe da taɓo.

"To ki kula da ƙafarki, sanyi ta nan yake shiga. Ni kin gan ni da wannan ciwon, amma ruwan ɗumi da citta ne ya tsayar da ni. Kullum bayan cin abinci, ina kallon labarun ƙarfe bakwai. Shekara ashirin ban tsallake rana ɗaya ba."

Ta bar Saje Lu a waje da umarnin ya kwana kusa da waya.

Aka karɓe mata kaki da hula da agogo. Aka goga auduga a hancinta da ƙarƙashin farcenta. Aka sa ta wanka sau uku da sabulu mai warin asibiti, kuma kowane karo aka ce na'urar ɗumama ruwa ta lalace. Haƙoranta na kaɗawa ta fito. Ɗakin da aka ba ta yana daidai inda manyan fankokin ginin ke furzo iska, iskar kashin aladu dubu arba'in, mai ɗumi da danƙo, tana shiga shinkafa tana shiga gashi. Wayar bango ta yi ƙara sau huɗu a rana ta farko, duk Shugaba Pang ne. Sau huɗu ta ce masa tana killace, doka ce, ba ita ta yi ta ba.

Ran Laraba da safe aka buɗe ƙaramar tagar da ake miƙo kaya. Wata budurwa mai tabarau ta turo kayan aiki a ninke. Hannayenta sun tsattsage saboda ruwan wanki.

"Yaya Sufeto, ki duba aljihun wandon," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Wace ce ke?"

"Mo Yuling. Ni ce mai kula da allon nan, har ran Asabar. Yanzu wanki nake yi."

"Laifin me?"

"Kafin a fitar da aladu sai na sa hannu cewa alƙaluman na'ura daidai suke. Na ƙi. Manaja ya ce shekara huɗun da na yi a jami'a sun fi dacewa da wanke safa."

A aljihun akwai takarda biyu cike da lambobi. Wei ta juya su sama da ƙasa.

"Ni 'yar sanda ce, ƙanwata. Ki faɗa mini da baki."

"Alade mai rai zafinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ya ci abinci ya hau, in ya kwanta ya sauka. Waɗannan talatin da bakwai na hawa na tara tun ran Asabar suna kan digiri talatin da tara daidai, dare da rana. Motsinsu ma iri ɗaya ne, kamar masu rawar sanyi tare."

"Talatin da bakwai kika ce?"

"Talatin da bakwai. Sannan kowace yamma sai su huce gaba ɗaya, na rabin awa, su sake ɗumi. Allon ba ya baƙi sai an yi awa guda, shi ya sa ba wanda ya lura. Manaja ya ce matsalar sadarwa ce."

"Ke me kika ce?"

"Na ce ban taɓa ganin alade ya mutu ya tashi kullum ba. Akwai kuma wani abu. Kowane hawa da akwatin da ke karɓar saƙon 'yan kunnensa. Waɗannan ba akwatin hawa na tara ke jin su ba. Na ƙasa ne, na wajen ɗakunan kwananmu."

"Kin san a wane ɗaki?"

"Ɗaki sittin ne, Yaya. In kika fara da na farko, kafin ki kai na uku an jefa 'yan kunnen a ramin kashi."

Wani ya ƙwala mata kira daga ɗakin wanki. Ta ja tagar ta rufe.

Wei ta yini da takardun a cinya. 'Yan kunnen suna raye, masu su suna ruɓewa a magudana. Wani abu ne ke ba su ɗumi yana kuma girgiza su. Ta yi tunanin na'urar ƙyanƙyashe ƙwai, ta yi tunanin aljihun mutum, duk ba su zauna mata ba. Me zai sa a bar su su huce kullum, alhali hucewar ce za ta tona asiri?

Da yamma aka miƙo mata taliyar shinkafa. Ta kasa ci. Ƙaramin talabijin ɗin da ke manne a bango ya buga kiɗan fara labarai. Idonta ya sauka kan layin lokaci a takardar: bakwai da minti biyu, sun fara hucewa. Bakwai da minti talatin da uku, sun fara ɗumi. Haka ranar da ta biyo, haka wadda ta bi ta.

Ta tuna bahon jiƙa ƙafa na mahaifiyarta, mai lantarki, mai maɓallin da ake saita zafin ruwa da wani na girgiza.

Ta ture kwanon taliyar gefe.

Ran Alhamis da azahar aka sake ta. Manaja Meng da kansa ya raka ta a lifta zuwa hawa na tara. Ƙofa na buɗewa ta ji wari daban da na fankoki, mai zaƙi-zaƙi, irin na magudana.

Aladun ba su taso wa abinci ba. Sun cure a kusurwa, wasu kan wasu, suna numfashi da kyar. Wata mace mai shara, Inna Tan, ta sunkuyar da kai tana ta goge wuri ɗaya.

"Inna, lafiyarsu ƙalau?"

"Ƙalau."

"Haka suke kwanciya kullum?"

"Ni shara aka ɗauke ni, ba kallon kwanciyarsu ba."

Wei ta ɗaga kai. Na'urar jin tarin da ke rataye a rufi an sa mata safa, an ɗaure da roba.

"Ita ma sanyi take ji, Manaja?"

"Ƙura ce ke ɓata ta. Wannan yarinyar Yuling ce ta yi, shi ya sa na cire ta. Ba ta da hankali."

"Waɗannan da ke kwance fa, me ya sa allonka bai yi ja ba?"

"An ba su maganin ƙarin ƙarfi da safe, yana sa barci."

Ta ga kwalaben maganin sauke zazzaɓi cike da kwandon shara. Ta tsaya gaban keji biyu da aka wanke tas, babu ko alade ɗaya a ciki.

"Na nan fa?"

"Mun mayar da su hawa na uku."

"Mu je."

"Ayya, Sufeto. Wanda ya shiga hawa ɗaya ba ya shiga wani sai an kwana. Gobe da safe, da hannuna zan kai ki."

Gobe da safe motoci sun riga sun kama hanya. Dukansu biyu sun san haka. Ta yi hamma, ta ce ta gaji, ƙafafunta ma ciwo suke.

"Ban faɗa miki ba? Citta da tazargade," in ji shi cikin jin daɗi.

A ɗakin cin abinci ta zauna inda zai gan ta. Ya cinye farantin haƙarƙari, ya suɗe yatsunsa, ya tashi bakwai saura minti goma. Ta buga wa Saje Lu waya ta ce ya taho bakin ƙofa da likitar dabbobi ta lardi, ba ta gunduma ba. Sannan ta biya ɗakin wanki.

"Ki zo ki zama shaida. Amma ki sani, ba za su yafe miki ba."

Yuling ta goge hannunta a riga. "Tun ran Asabar ba su yafe ba."

Bakwai da minti goma suka tsaya a ƙofar ɗakin manaja. Muryar mai karanta labarai na fitowa. Wei ta ƙwanƙwasa sau ɗaya ta tura.

Meng na kishingiɗe a kujera, wandonsa naɗe zuwa gwiwa, ƙafafunsa cikin jan baho mai lantarki da ke ta kumfa. Ɗakin ya cika da ƙamshin citta, a ƙarƙashinsa kuma wancan warin mai zaƙi-zaƙi. Kusa da ƙafar kujerar, a kan tawul, akwai jakar raga tana ɗigar ruwa. Cike take da 'yan kunne masu launin rawaya.

Ya kai hannu zai ja tawul ɗin. Wei ta take shi da ƙafa.

"Zauna, Manaja. Kada sanyi ya shige ka."

Ta zazzage jakar a ƙasa. Wasu daga ciki har yanzu da guntun nama a maƙale, ya yi fari ya yi laushi saboda kwana shida a ruwan ɗumi. Yuling ta toshe baki. Sai ta tsuguna, ta fara karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, Wei na dubawa a takarda. Talatin da bakwai cif.

"Ko ruwan ba ka canzawa?" in ji Wei.

"Ina canzawa," in ji shi da sauri, kamar wannan ce tuhumar. "Ina ƙara zafi in na shiga, shi ya sa nake cire su. In na bar su allon zai yi ja."

"Da ka haƙura da jiƙa ƙafar na mako ɗaya, da babu wanda ya kama ka."

Ya dube ta da mamaki na gaskiya. "Da wannan ciwon?"

"Yaushe suka fara mutuwa?"

Ya dubi ƙafafunsa. Kumfar na ta tashi a tsakanin yatsunsa.

"Ran Juma'ar da ta wuce. Biyar, sannan goma sha biyu, washegari ashirin. Na san ko mene ne tun da na ga cikinsu. Annobar zazzaɓin aladu ce."

"Me ya sa ba ka kai su wurin ƙonawa ba?"

"Wurin ƙonawa akwai sikeli da kyamara, kai tsaye suke aikawa hedikwata. Na sa aka fitar da su a motar kashi, muka binne a gaɓa. Ban san za a saki ruwan gonakin rake makon nan ba."

"Sauran kuma ka ɗura musu maganin zazzaɓi, ka sa wa na'ura safa, za ka loda su gobe."

"Ba ta kama mutum, Sufeto, kowa ya sani. In an dafa shi ke nan."

"Tana kama aladen duk garin da motarka ta bi. Kuma kai da kanka daga wane hawa ka ci haƙarƙari ɗazu?"

Meng ya kau da kai.

"Daga na biyu," in ji Yuling. "Tun ran Asabar ya ce wa mai dafa abinci kada ya taɓa na tara."

Meng ya fara kuka. Ya ce shekara goma sha tara ya yi yana hawa daga mai kwashe kashi zuwa manaja. Ya ce in an rufe gonar mutum ɗari uku za su koma gida hannu rabbana ana gobe biki. Ya ce ai Shugaba Pang ma ya gane.

"Wannan za ka maimaita shi a ofis," in ji Wei. "Ciro ƙafarka."

Ta sa masa ankwa. Ya nemi tawul, ta nuna masa wanda ke ƙasa, ya fasa. Haka ta fito da shi cikin silifas, yana barin sawun ruwa a baranda, ma'aikata na leƙowa daga ɗakunansu. Inna Tan ta tofar da yawu a bayansa, sannan ta juyo ta harari Wei da irin wannan idon.

A bakin ƙofa Saje Lu ya buɗe motar, ya shaƙi iska.

"Ƙamshin miya nake ji, Sufeto."

"Kada ka tambaya."

Ran Juma'a da asuba ko mota ɗaya ba ta fita ba.

Gwaji ya tabbatar da annobar. Aka kewaye gonar, aka kashe dubu arba'in ɗin aka binne da farar ƙasa, kwana tara ana aiki. Doka ta ce duk aladen da ke cikin kilomita uku sai ya bi su. Gidan Baba Nong kilomita biyu ne.

Wei ta je da kanta ranar da aka zo ɗaukar nasa. Tsohon na tsugune inda ta fara ganinsa, lofen a hannu ba wuta. Kwamin ganyen dankali na cike, babu mai ci.

"Da kin kama ni ran nan, wata nawa za su ba ni?"

"Shida, ko ƙasa da haka."

"Da na fito na tarar da su."

"Da ka tarar da su, Baba."

Ya daɗe yana kallon ruwan. "To, tafi. Ban ce kin yi laifi ba. Amma kada ki jira in gode miki."

Ba ta jira ba.

Mo Yuling ta aika takardar neman aiki gona goma sha ɗaya, duk suka ce sun ji labarinta. Yanzu tana taya yayarta sayar da taliya a tashar mota. Shugaba Pang na nan a kujerarsa, har an ba shi takardar yabo saboda saurin gano annoba.

Kwana uku bayan sabuwar shekara Sufeto Wei ta hau motar Longba da jaka ɗaya. Caji ofis ɗin ɗaki biyu ne, hanya awa shida, kuma takardar canjin wurin aikin ba ta faɗi ranar dawowa ba. Abin da ƙin kama mutum ɗaya ya ci ke nan: aikin mutum ɗari uku, baƙaƙen aladu takwas, sana'ar Yuling, da kujerarta ita kanta. Da direba ya tambaye ta laifin me ta yi aka jefo ta dutse, sai ta gyara hularta.

"An ce in kama wani, na kama wani," in ji ta.